Tsakuwoyin Injiniya

Duk layin babu wanda ya raɗa masa suna Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta da jan fenti a jikin akwatin kayan aikinsa, har mutane suka gaji suka bi. Mai gyaran famfo ne, kuma in ta bakinsa za ka bi, ruwa da kansa shakkarsa yake yi. Kullum da la'asar sai ya baje a bencin da ke ƙofar shagon Tela ya kwance bakin jaka: yadda ya shiga rijiyar da kowa ya ƙi shiga, yadda ya zaro maciji daga cikin bututu ya ƙulle shi kamar igiya, yadda aka taɓa cire masa haƙori ba allura yana hira da mai cirewar.

"Hira, da baki a wangale?" in ji Tela, ko ɗagowa bai yi daga kan keke ba.

"Da ido. Mu manya da ido muke hira."

Abin da 'yan benci ba su sani ba shi ne, jarumin nasu yana da wani sirri a cikin wando. An daɗe da wasu ƙulle-ƙulle suka fito masa a fatar maraina, fari-fari, masu tauri kamar tsakuwa. Ba sa ciwo, sai ɗan ƙaiƙayi in ya yi gumi. Suna ƙanana ya share su. Da suka kai girman wake, suka kuma tara 'yan'uwa, matarsa ta tasa shi gaba.

"Baban yara, ko dai ka je asibiti, ko in kira yayarka in zayyana mata komai."

Mutumin da ya ƙulle maciji bai taɓa iya haɗa ido da yayarsa ba. Washegari da safe sai ga su a layin ganin likita, shi da matar.

Likitar mace ce, kuma ba ta fi sa'ar ƙanwarsa ba. Injiniya ya tsaya yana leƙa bayanta.

"Babbanku bai zo ba ne?"

"Ni ce babbar. Hau gadon nan, ka sauke wando."

Ya hau. Tana sa safar hannu ya kafe silin da ido, kamar an ba shi kwangilarsa. Tana dubawa, tana latsawa, shi ko sai cewa ya yi da wata siririyar murya, "Silin ɗinku yana yoyo. Bututun sama ne. In kuna so..."

"Tashi ka gyara, mun gama." Ta koma kujerarta, ta dube su su biyun. "Ku kwantar da hankalinku. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa a wurin kowa, ba ya kuma taɓa haihuwa. Wani sinadari ne, kalsiyam, yake taruwa a cikin fatar ya daskare. Ka san farin ɓawon nan da ke mannewa a gindin butar dafa ruwa?"

Injiniya ya gyara zama. Sai yanzu aka zo gidansa.

"Ni kike tambaya ɓawon buta? Likita, tun ba a haife ki ba nake kankare shi a cikin bututu."

"To kusan irinsa ne. Maganinsa ƙaramin aiki. A yi allurar kashe wurin, a yanke su, a ɗinke."

"A me?"

"A yanke."

Ɗakin ya ɗan juya masa. Ya dafa tebur, ya share goshi, sannan ya yi irin murmushin da malami yake wa ɗalibin da ya ba da amsar banza. "Ai ɓawon buta ba a yanka shi. Narkar da shi ake yi."

"Buta ƙarfe ce, kai mutum ne. Kada ka kuskura ka shafa wa wurin komai."

A hanyar gida matar ta maimaita masa wannan jan kunne har ta gaji. Shi kuwa tuni ya yi nisa. Ya narkar da tsakuwoyin, ya koma asibiti ya nuna wa likita, an tara manyan likitoci suna tafa masa, an cika kwalabe da maganin, kowace da hotonsa riƙe da sifana.

"Ki ba ni 'yan kwanaki kawai," ya ce. "Za ki zama matar wanda ya koya wa asibiti aiki."

"Ni dai in zama matar mai lafiya ya ishe ni."

Babban abu irin wannan ba ya zama a cikin Injiniya. La'asar na yi ya isa benci, ya yi gyaran murya, ya ba da sanarwa cewa wani babban mutum ya kawo masa kuka. Wata cuta ce ta same shi a wurin da ba a faɗa, duwatsu sun tsiro masa, likitoci sun ce sai wuƙa. Shi kuwa ya ɗauki alkawarin narkar da su.

Mai Shago, wanda shagonsa ke manne da na Tela, kuma ba a taɓa yin gulma a layin ba da shi ba, ya bar mai sayen sabulu a tsaye ya matso. "Wane ne? Mun san shi?"

"Kun san shi sarai. Amma amana ce."

Sai ƙaddara ta kawo Hedimasta. Tsohon shugaban makaranta ne da ya yi ritaya, yana koya wa yaran layin karatu da yamma a barandarsa. Ciwon gwiwa ya sa yana tafiya ƙafa a ware, yana dogara sanda. Ya ɗaga musu hannu ya wuce a hankali. Idon kowa ya bi tsakanin ƙafafunsa.

Mai Shago ya nuna shi da haɓa. "Shi ne?"

Injiniya ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya ga ai ga ƙofar fita ta buɗe da kanta. Ya lumshe ido. "Ni dai ban faɗa ba."

Kafin rana ta faɗi duk layin ya ji. Washegari Hedimasta ya je sayen ganyen shayi, Mai Shago ya jawo masa kujera har da matashi, ya riƙe masa hannu ya ce, "Allah ya narkar, Malam." Hedimasta ya ce amin, ya koma gida yana mamakin yadda mutane suka damu da gwiwarsa haka.

Injiniya kuwa ya fara aiki. Ya sayo lemon tsami cike da leda, ya matse a baho, ya shige banɗaki. Gidan haya suke, banɗaki ɗaya ne na kowa. Abin da ya manta shi ne ya sosa wurin da safe. Yana zama ya ji kamar an zuba masa allurai. Ihu ya taso masa, ya tare shi a maƙogwaro ya mai da shi waƙa. Maƙwabciyarsu, Maman 'Yan Biyu, tana tsaye a ƙofa da bokiti.

"Yau kuma waƙa ake mana a banɗaki? Jama'a na jira fa!"

Da ya fito, tsakuwoyin suna nan daram, sai dai fatar ta yi ja, shi kuma duk inda ya gifta sai a ce wa ke yanka lemo.

"Lemo na yara ne," ya gaya wa matarsa. "Gwaji na yi."

Kashegari ya zo da ruwan khal da hodar soda, haɗin da yake zuba wa bututun wanke-wanke in ya toshe. Ya juye khal a baho, ya zauna, sannan ya zazzage hodar gaba ɗaya. Bahon ya yi wani huci kamar an taka kumurci. Kumfa ta taso, ta rufe masa cinya, ta haye ciki, ta malala ta ƙarƙashin ƙofa ta nufi tsakar gida. Maman 'Yan Biyu ta gani, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo, masai ya fashe! Ku kira Injiniya! Ina Injiniya?"

Daga cikin banɗakin wata murya ta amsa a shaƙe, "Ina kan aikin!"

Matarsa ce ta share tsakar gidan, tana sharewa tana magana ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. "Baban yara, ka ji tsoron Allah. Abin da ba ya maka ciwo, kai ka dage sai ya yi?"

"Na gano kuskuren," ya ce yana fifita da murfin tukunya. "Buta sai ta ji wuta take sakin ɓawo."

Ta ɓoye risho, ta ɓoye ashana, ta manta da fulas ɗin ruwan zafi. Ihun da ya yi wannan karon bai karɓi waƙa ba. Har shagon Tela aka ji, kare ya yi haushi, Mai Shago ya zubar da sukarin da yake aunawa.

Da ya iya fitowa, bayan ya sha jinya a ɗaki, sai aka ga Injiniya yana tahowa ƙafa a ware, a hankali, kamar mai ɗauke da kwanon miya a tsakanin gwiwoyi. Ya ce sifana ce ta faɗo masa a ƙafa. Mai Shago ya dube shi, ya waiga ya dubi barandar Hedimasta, ya sake dubansa, sai ya ja da baya yana salati.

"Ya ɗauka! Wallahi ya ɗauka! Ashe abin yaɗuwa yake!"

Nan fa labari ya canza kama. Masu yi wa Hedimasta sannu suka koma tsallaka titi in sun hango shi. Mai Shago ya wanke kujerar da ya zauna da omo, ya ƙona matashin. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga karatun yamma. Injiniya ya wuce ta gaban barandar ya ga tsohon zaune shi kaɗai da allo da alli, yana ta duba hanya. Abin ya ɗan tsaya masa a rai. Amma ya ce wa kansa ai da zarar magani ya ci, kowa zai huta, har Hedimasta zai yi suna a matsayin wanda aka warkar.

Matsalar gaggawa dai ita ce wando. Duk nasa sun zame masa azaba. Ya lallaɓa wajen Tela lokacin da benci ba kowa.

"Wando za ka ɗinka wa mutumin nan nawa. Mai faɗin gindi sosai, yadi mai laushi."

"To ya zo a gwada shi."

"Ba ya son fitowa. Gwada ni, jikinmu ɗaya."

Tela ya zaro tef daga wuya, ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da Hedimasta jikinku ɗaya? Mutumin da ko kafaɗarka bai kai ba?"

"Ya fi son ya riƙa naɗewa."

Tela ya durƙusa ya kai tef wajen cinya, Injiniya ya yi tsalle har kansa ya bugi maratayin kaya.

"Sifanar a nan ta faɗo?"

"Tsalle ta yi."

"Lallai sifana," in ji Tela. Ya rubuta awo yana ƙunshe dariya.

Ranar da ya karɓi wandon, ranar ya yanke shawarar kawo ƙarshen wasa. Ya tsaya shagon kayan gini ya sayo ruwan asid na wanke bututu, wanda ko siminti in ya taɓa sai ya yi hayaƙi. Niyyarsa ya ɗiga kaɗan a bokitin ruwa. Don kada matarsa ta gani, ya juye shi a wata 'yar kwalbar magani, ya toshe bakin da leda, ya jefa a aljihun sabon wando. Da gida ya wuce, da wataƙila Allah ya rufa asiri. Amma ya hango benci cike, kuma bai taɓa iya wuce taro ba.

Ya zauna a gefe-gefe, jama'a suka matsa suka bar masa fili har da ƙari. Ya bubbuga aljihu. "Yau za a gama. Abin da ke cikin nan, ko dutsen niƙa ya gani sai ya zama kunu."

Bai rufe baki ba aka ji ƙarar sanda a kan kwalta. Hedimasta ne, kuma yau babu ɗaga hannu. Wata uwa ce ta gaya masa gaskiyar dalilin da ya sa ta hana ɗanta zuwa. Ya tsaya a gaban benci yana huci.

"Kai, mai famfo. Tashi tsaye."

Duk wanda ke bencin ya taɓa zama ɗalibi a wani wuri, saura kaɗan su miƙe gaba ɗaya.

"Malam, ai ni ban faɗi suna ba..."

"Yaushe na kawo maka kuka? Waɗanne duwatsu ne suka tsiro mini? A ina?"

"Malam, amana ce, bai kamata a..."

"Wani abu na ƙauri," in ji Mai Shago yana shinshina iska.

Tela ya leƙo ta taga. "Injiniya, wandona yana hayaƙi."

Bubbugawar nan ce ta ture ledar. Injiniya ya sunkuya ya ga aljihu ya zama rami, ramin yana faɗaɗa, yadin yana narkewa kamar takarda a wuta. Sai zafin ya iso cinyarsa. Ya yi wata ƙara da ba a taɓa jin irinta a layin ba, ya fizge kwalbar ya yi jifa da ita cikin kwata, ya kwasa da gudu ƙafa a ware.

"Ruwa! Jama'a, ruwa!"

Famfon bakin titi ya nufa, wanda shi da kansa ya gyara a makon. Ya murɗa. Kan famfon ya ɓalle ya biyo hannunsa, ko ɗigo bai fito ba. Ya juyo yana tsalle a wuri ɗaya, idonsa ya faɗa kan babbar kular Mai Shago, cike da ƙanƙara da ruwa da lemon kwalba. Kafin Mai Shago ya ce kai, ya ture murfin ya faɗa ciki da baya. Ruwa ya fantsama, kwalabe suka yi waje suna gangarawa, Injiniya ya nutse har ƙugu, gwiwoyi a sama, ya saki wani dogon nishi.

Layin ya cika. Masu wucewa suka tsaya, mata suka leƙo, wani mai babur ya kashe mashin don kada ya rasa komai. Tela ya kwaso bokitin ruwan guga yana ta kwarara masa a cinya. Hedimasta ya tako a hankali har bakin kular, ya dogara sanda, ya dube shi ta saman tabarau.

"Yanzu amsa mini. Wane ne mai duwatsun?"

Injiniya ya yi wani gunaguni.

"Ban ji ba. Na baya ma ba su ji ba."

"Ni ne."

"Cikakkiyar jimla."

"Ni ne mai duwatsun, Malam."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Mai Shago kaɗai ne bai yi ba, yana tsaye yana kallon kularsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. "Shi ke nan, ta ɗauka. Wa zai ƙara shan lemona?"

"Babu abin da ta ɗauka!" Matar Injiniya ce ta ratso taron, mayafi a hannu. Maman 'Yan Biyu ce ta kai mata labari. "Ina wurin likita ta faɗa. Ba ya yaɗuwa, ba ya kisa, ko ciwo ba ya yi. Ɗan aiki ne za a yi masa a gama. Tsoron wuƙa ne kawai ya kawo mu nan." Ta juya ta rusuna wa Hedimasta. "Baba, ka yi haƙuri. Wallahi ban san da sunanka ake yawo ba."

"Ba laifinki ba ne, 'yata. Ku ciro shi."

Da mayafinta aka naɗe shi, aka ɗora a mota.

Likita ta duba ƙunar cinya, ta duba jan da lemo da khal da ruwan zafi suka bari, ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ya gode wa Allah da kular nan, da ruwan asid ɗin ya gangara gefe kaɗan da labarin ya sha bamban. Sai ƙunar ta warke za a yi aikin. Ta ƙara da cewa ciwon nasa ba kasafai ake ganinsa ba, likita zai iya daɗewa yana aiki bai ci karo da shi ba, ko zai yarda ɗalibanta su kalli aikin?

Injiniya ya ɗago kai a hankali. "Ba kasafai ba?"

"Ba kasafai ba."

"Kin ji ko?" ya ce wa matarsa. "Ko ciwo zan yi, ba na yin na kowa da kowa."

Ranar aikin, yaran layi sun riga sun koma barandar Hedimasta, tsohon da Tela kuma suka rako Injiniya asibiti. Yana kan gadon turawa yana yi musu bayanin yadda zai riƙa nuna wa ɗaliban inda za su kula. A bakin ƙofar ɗakin tiyata nas ta zo wucewa da faranti, ya hango allura. Abin da ya iya tunawa ke nan.

Ya farka ya ga matarsa a gefen gado.

"Yaushe za a fara?"

"An gama tun ɗazu. An cire su tas."

Ya ɗan taɓa bandeji, ya saki ajiyar zuciya, murya ta dawo masa. "Ai na gaya miki ba wani abu ba ne. In kin koma ki gaya wa 'yan benci ko ƙiftawa ban yi ba."

"Ka gaya musu da bakinka, ga su nan."

Ya waiga. Tela na jingine da bango yana cizon leɓe. Hedimasta na zaune a kujera, nas tana shafa masa magani a bayan hannu, inda sawun farce ya fito raɗau.

"Malam, me ya same ka a hannu?"

"Wani jarumi ne ya riƙe ni a bakin ƙofa," in ji Hedimasta. "Yana kirana Inna."